Jirgin Cutty Sark: me ya raba shi da dakon shayi?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani tsohon jirgin ruwa a Landan, Cutty Sark, an ce don ɗauko ganyen shayi daga Sin aka ƙera shi, kuma gudunsa ba a magana. To me ya sa bai daɗe a wannan sana'a ba?

Amsa: Ɗan'uwa, jirgin nan makara ya yi. An saka shi a ruwa a Dumbarton ta Sikotland ranar 22 ga Nuwamban 1869, kwana biyar kacal bayan buɗe mashigin Suez. Kamar mutum ne ya sayi raƙumin tsere a makon da mota ta shigo gari.

Abin da ya sa ake neman gudu shi ne, shayin sabuwar kaka da ya fara isa Landan ya fi tsada. Mai jirgin, John Willis, a kan wannan ya zuba kuɗinsa. Tafiyar farko, a 1870, ya dawo daga Shanghai da kusan tan 600 na ganye. Sai dai jiragen injin tururi sun fara yanke ta Suez, shi kuwa mai dogaro da iska dole ya zagaye Afirka, domin iskar Bahar Maliya ba ta yi wa irinsa daɗi. Sau takwas ya yi jigilar shayi, a 1877 aka rufe babin.

Ko tseren ma bai taɓa cinyewa ba. A 1872 yana gaban abokin hamayyarsa, jirgin Thermopylae, da nisa, sai igiyar ruwa ta fizge allon da ake juya jirgin da shi. Ma'aikata suka kafa maƙera a kan jirgin, a tsakiyar teku, suka haɗa wani. Ya isa Landan mako guda bayan Thermopylae, amma maganar gyaran nan ta fi ta wanda ya ci tseren yawo.

A ganina, sunan da ya yi na gaskiya a kan ulu ya yi shi. Daga 1883 ya koma ɗauko gashin tumaki daga Ostireliya, hanyar da nisanta ya sa kwal ke cinye ribar masu inji. Kyaftin Richard Woodget, wanda ya karɓe shi a 1885, yakan nausa can kudu inda iska ba ta hutawa, har cikin tsaunukan ƙanƙara masu yawo a ruwa, ya zagayo ta Cape Horn, can ƙarshen kudancin nahiyar Amurka ta Kudu. Sydney zuwa Ingila a kwana 73.

Nan ma inji ya cim masa. A 1895 aka sayar wa wani kamfanin Fotugal, aka sauya masa suna zuwa Ferreira, ya yi ta dakon duk abin da ya samu. Wani tsohon kyaftin, Wilfred Dowman, ya fanso shi a 1922. Tun 1954 yake ajiye a Greenwich, inda aka ɗauki hoton da ka gani. Gobara ta ci wani sashensa a 2007, aka gyara aka sake buɗe shi ga masu ziyara a 2012.