Me ya sa ba a mantawa da kocin ƙwallon sakandare a ƙananan garuruwan Amurka?

Mai tambaya, ƙwallon nan ba irin tamu ba ce, ta Amurka ce, mai hular kwano da karo. Koci yakan riƙe yaro shekara huɗu: atisaye tun zafin Agusta, wasa daren Juma'a, washegari a zauna a kalli bidiyon kurakurai. A Texas, tun dokar 1984, wanda makinsa ya gaza 70 a darasi ba ya buga wasa, don haka koci har takardar sakamako yake bibiya.

Koci Gordon Wood ya horar da yaran Brownwood, wani ƙaramin gari a Texas, daga 1960 zuwa 1985, ya ciyo musu kofin jiha bakwai. Filin wasan garin sunansa yake ɗauke da shi.

Inda abin yake lalacewa shi ne kwaɗayin nasara: a mayar da yaron da ya bugu a kai cikin fili bai warke ba.