Wace mita ta dace da aikin wayarin mota?

Malam, ka ce kana rewaya a Ringim, kuma kana tambaya ko 'yar mitar auna wutar nan mai arha, DT830, za ta wadatar. Don duba batir kawai, za ta yi. Ka sa ta a DC 20V: batir mai cikakken caji yana nuna 12.6, idan ya sauka 12.2 rabi ya tafi. Inji na aiki ka ga tsakanin 13.8 da 14.5, altaneto lafiya lau. Lokacin kik kuma kada ya faɗi ƙasa da 9.6.

Matsalarta ramin 10A, yawanci babu fiyus a ciki. Ka manta jar waya a can, ka ɗora kan batir, nan take za ta ƙone, har wayoyin su narke a hannunka. Nemi mita mai fiyus a ramin 10A da na mA duka, mai yin ƙara idan waya ba ta tsinke ba, wadda aka rubuta 10MΩ a takardarta (wato ba ta jan wuta sosai lokacin awo), don kada ta ruɗa siginar kwamfutar mota.

Motar da ke shanye batir cikin dare, cire baƙar wayar kan batir, ka ratsa mitar tsakanin wayar da kan batirin a 10A, ƙofofi a rufe, ka jira kamar minti 30. Fiye da 50mA (wato 0.05A) akwai ɓarawo. Riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi. Kada ka kuskura ka tayar da mota a haka.

Idan za ka shiga Sabon Gari saye, tafi da batirin da ka san ƙarfinsa ka gwada ta a gaban mai shago. Riƙe batirin mita 9V na ajiya, don idan nata ya yi sanyi lambobi sukan hau sama.