Yadda ake yin kwalbar da ake fasawa a wasan kwaikwayo

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ƙungiyarku tana shirya wasa a dandamali, akwai wurin faɗa da ake so a rotsa wa wani kwalba a ka, kana neman yadda ake yin wadda za ta tarwatse ba tare da ta ji wa kowa ciwo ba. Ka kuma ce wani ya ba ku shawarar ku karce kwalbar lemo da abin yankan gilashi don ta yi saurin fashewa. Don Allah ku ajiye wannan shawara a gefe. Kwalbar da aka karce gilashi ce har gobe. In ta fashe kaifinta na reza ne, in kuma ta ƙi fashewa, nauyinta kaɗai ya isa ya fasa kan mutum.

Da abu uku ake yin kwalbar wasa: sukari, kakin kyandir, da wata roba mai gautsi ta kamfani. Amma ko da wanne ka yi, kaurin jikin kwalbar shi ne maganar. Kwalbar sukari mai kaurin milimita 6 dutse ce. Abin da ake nema milimita 2 ne, iyaka 3, wato kaurin tsinken ashana. Kusan duk aikin da zan bayyana, yadda za a samu wannan sirantar ne.

Sai an fara da mazubi, wato abin da za a zuba narkakken sukari a ciki ya fito da siffar kwalba. Ka samu kwalba mai santsin jiki, marar rubutun da ya kumburo, mai gajeren wuya, kamar 'yar santilita 33 ko 35. Ka wanke ta, ka toshe bakin, ka cike ramin gindinta da yumɓu ya zama shafe, domin wannan ramin yana riƙe narkakken sukari har gindi ya yi kauri. Ka shafa mata basilin kaɗan-kaɗan a ko'ina, saboda silikon, wato ruwan robar da za ka zuba ya daskare ya zama mazubin, yana manne wa gilashi ya ƙi fita. Ka kwantar da ita a akwatin katako, ka binne rabinta a yumɓu, ka danna 'yan ramuka huɗu ko shida a kan yumɓun da gindin biro. Su ne za su sa ɓangarorin biyu su riƙa haɗuwa daidai. Ka zuba silikon ya rufe ta da kaurin santimita 1, in ya daskare ka juya, ka cire yumɓun, ka shafa basilin a fuskar silikon ɗin, ka zuba ɗaya rabin. Silikon ɗin da ake so shi ne mai ruwa biyu da ake haɗawa, irin na mazubin kek da alewa, wanda aka rubuta yana jure zafi sama da digiri 200. Na bututu da masu gilashin taga suke liƙi da shi, mai warin tsami, ba ya bushewa sosai in ya yi kauri, ka bar shi. Daga waje ka yi wa mazubin riga da garin POP na silin, ita ma gida biyu, don kada ya lotse lokacin da kake juya shi, ka ɗaure da robar tayar keke.

Ga haɗin sukari: farin sukari giram 700, ruwan gulukos mai kauri kamar zuma giram 330, ruwa rabin lita, da kwatan cokalin shayi na kirim ɗin tata, wani farin gari mai tsami. Gulukos da kirim ɗin tata duk ana samunsu a shagon kayan kek, kuma in ba ka samu na biyun ba, rabin cokalin shayi na ruwan lemon tsami da aka tace ya wadatar. Wannan zai ba ka ƙananan kwalabe uku ko huɗu. Aikin gulukos da tsamin shi ne hana sukari komawa gari, kada ka ce za ka rage kuɗi ka cire su. Kada kuma ka ƙara tsamin, yawansa yana sa kwalba danƙo.

Ka ɗora a tukunya mai kaurin gindi, wuta matsakaiciya, kana motsawa har sukarin ya narke. Da ya tafasa ka cire cokali, kada ka sake motsawa. Ƙwayoyin sukarin da suka maƙale a gefen tukunya ka share su da jiƙaƙƙen burushi, domin ƙwaya ɗaya in ta faɗa ciki tana iya mayar da tukunyar gaba ɗaya fara fat kamar gishiri. Ka sa ma'aunin zafi kada ya taɓa gindin tukunya. Zai daɗe yana jan ƙafa a ɗan sama da digiri 100 saboda ruwa yana ƙonewa, har ka ɗauka ya lalace, daga nan sai ya ɗauki gudu. Ka sauke a digiri 150 zuwa 152. In ka sauke a 140 kwalbar za ta lanƙwashe maimakon ta fashe. In ka kai 160 ya fara komawa ruwan zuma, gaba kaɗan kuma ya yi ɗaci ya ƙone. In babu ma'auni, ka yi gwajin masu alewa: ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, in zaren ya karye ƙas ya yi, in ya tanƙwaru da saura. Duk da haka ka sayi ma'aunin, gwajin ruwa yana cin daƙiƙoƙin da ba ka da su.

Bayan saukewa ka ɗiga kalar abinci, kore ko ruwan ƙasa, ka juya a hankali, ka bari kumfa ta kwanta na minti biyu ko uku. Ina ganin ya fi muku ku yi mai launi. Garai-garai tana tona duk wata kumfa da layin haɗi, koriya kuwa daga sahun 'yan kallo ba mai bambanta ta da ta gaske.

Wurin zubi ne ake cin nasara ko a yi asara. Ka ɗuma mazubin tukuna, ko a rana ko a tanda mai sanyin wuta, domin in yana da sanyi sukarin zai daskare inda ya fara sauka. Ka sa doguwar riga da safar hannu mai kauri. Ka zuba kamar sulusin cikin kwalbar, ka kwantar da mazubin kana mirgina shi a hankali har sukarin ya shafe ko'ina, gindi da kafaɗa da wuya, sannan ka kife shi a kan tukunya rarar ta tsiyaye. Kada ka ajiye shi a tsaye yana da zafi: duk abin da bai kama ba zai gangara ya taru a gindi, ya zama dunƙulen da ke ji wa mutane rauni. Ka ci gaba da juyawa har ya daina gudana, ka kwantar da shi, kana sauya masa gefe lokaci-lokaci. Bayan kamar awa ɗaya, in ya huce sarai, ka kwance rigar, ka ɓare silikon daga jikin kwalbar. Silikon ake janyewa, ba a jan kwalbar.

Kowace ka haska ta da tocila. Inda launi ya fi duhu, nan ne kauri. Ka auna ta a sikelin kicin: ƙaramar kwalba mai kyau ba ta wuce giram 100 zuwa 150 ba, wadda ta kai 250 ka mayar da ita tukunya. Ta farko da ta biyu ka fasa su da hannu, da safa, ka duba gutsattsarin gindin da idonka. Sukari ma yana yanka in ya yi kauri, kada wani ya ce maka ai alewa ce.

Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata. Ka ajiye bokitin ruwan sanyi a gefenka, in ya taɓa ka ka tsoma wurin nan take, ka bar shi cikin ruwa mai sanyi minti 20. Yara su fita daga ɗakin kafin a ɗora tukunya.

Babbar matsalar sukari shan laimar iska. A hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙarau, kwalbar za ta kwana biyu lafiya. A damina kuwa cikin 'yan awoyi ta fara danƙo, ta dushe, yatsu su fito a jikinta. Ka yi ta ranar wasa ko jajibirinsa, ka rufe ta a robar da iska ba ta shiga tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada ka sa ta a firij, da ka fito da ita za ta yi gumi ta narke. Ka ɗora robar inda kiyashi ba zai kai ba, kuma kada a zuba mata ruwa ko lemo a ciki. In ka samu aisomalt, wani madadin sukari, a shagon kayan kek, ya fi sukari haske da jure laima, sai dai tsada.

In wasan ya faɗo a damina, ko kuma ɗalibai ne za su yi shi, ni kakin kyandir zan ba ku shawara. Ya fi sauƙi, ya fi arha, gutsattsarinsa ba kaifi. Mazubinsa ma ba ya bukatar silikon: POP zalla gida biyu ya isa, ka jiƙa shi a ruwa ya sha sosai, ka tsane, kaki ba ya kama jiƙaƙƙen POP. Ka narkar da farin kyandir a gwangwani da aka tsoma cikin tukunyar ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, domin kaki yana kamawa da wuta, in kuma ya kama da murfi ake rufe shi, ba a watsa masa ruwa. Kalar abinci ba ta haɗuwa da kaki, sai ka jefa guntun kalar zane ta yara mai maiƙo, kore ko ruwan ƙasa mai duhu. A wajen digiri 70 ka zuba, ka mirgina, ka tsiyaye, ka sake sau ɗaya ko biyu har kaurin ya kai milimita 2. Haske ba ya ratsa ta kamar gilashi, amma in an goge ta da tsumma mai laushi aka liƙa mata takarda, ta wuce. Ita tana son sanyi: ka ajiye ta a kula mai ƙanƙara har lokacin shigarta, don a zafin bazara ko ƙarƙashin fitilun dandamali laushi take yi, ta lotse a kan mutum maimakon ta watse.

Ta kamfani kuwa, akwai SMASH! Plastic na Smooth-On a Amurka, ruwa biyu ne da ake haɗawa daidai wa daida a juya a mazubi, su ma sun ce kada kauri ya wuce kimanin milimita 3. Laima ba ta damunta, amma sai an yi odarta, kuma ana haɗa ta ne a wuri mai iska da safar hannu.

Sauran magana a kan bugun kansa. Wuya da gindi su ne mafi ƙarfi a kowace kwalba, don haka da tsakiyar cikinta ake bugu, mai bugu yana riƙe da wuya. A saman kai ake saukewa, ko kafaɗa ko gadon baya. Ban da fuska, ban da gefen kai kusa da kunne, ban da ƙeya. Wanda za a buga ya sa hula da aka yi wa shimfiɗar soso a ciki, ko rawani, ya rufe ido, ya ɗan sunkuyar da haɓa. Ba a sa ƙarfi. Kwalbar da aka yi daidai da ɗan taɓi take watsewa, zafin bugun kuwa mai faɗuwa ne yake nuna shi da jikinsa. A juya bugun ya fuskanci bayan dandamali don kada ɓarɓashi ya kai sahun gaba. A yi ta atisaye da gorar roba marar komai, a hankali, har ƙafa da hannu su saba, sannan a fasa ta gaskiyar wasa aƙalla sau biyu kafin ranar. Ku kuma yi yarjejeniya: in ba ta fashe a bugun farko ba, ba a ƙara na biyu, mai faɗuwa ya faɗi abinsa a ci gaba.

Ƙararta ba ta kai ta gilashi ba. Ku zuba fasassun kwalabe a akwatin katako, ku buge shi da ƙusa ya rufu ruf, wani ya sake shi ƙasa a bayan labule daidai lokacin bugun.

Mutum ɗaya tak zai riƙe kwalaben wasa, shi zai miƙa wa ɗan wasa hannu da hannu, kuma kada a bar kwalbar gilashi mai kama da su ko ɗaya a dandamali ko bayan labule, ko da ta shan ruwa ce. A lissafinku ku tanadi biyu ga kowane dare, biyu na atisaye, da biyu da za su karye a hanya, kowace a naɗe da tsumma a gidanta daban cikin kwali. Wanda ya rage da wuyan kwalba a hannu ya yar da shi gefe, kada a ci gaba da kokawa da shi. Da an ja labule a share, a bi da jiƙaƙƙen tsumma, domin ɓarɓashin kaki yana da santsi, na sukari kuma yana soke tafin ƙafa in akwai masu shiga ba takalmi a fitowa ta gaba.