5.1 ko 7.1 a ƙaramin falo

Salam ɗan'uwa, ka ce falonka bai wuce mita 4 da 5 ba, kuma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin tsarin sifikun 5.1 da 7.1 da Dolby Atmos (mai kawo sauti har daga sama). Ni dai 5.1 zan ce maka.

Lambar farko yawan sifiku ce, ta biyu kuma wufa mai ba da bes. Wato biyu a gaba dama da hagu, ɗaya a tsakiya ƙasan tibi, ita ke fitar da maganar 'yan fim don haka kar ka yi mata rowa, sai biyu a gefen kujera ɗan baya kaɗan. 7.1 ƙarin biyu ne a bayanka, to in kujerarka manne take da bango ina za ka sa su? Atmos kuma irin 5.1.2, wannan 2 ɗin na silin ne, aiki ne babba.

Inda ake cin mutane shi ne a kasuwa. Na taɓa sayen wata na'urar sauti an rubuta 5.1 ɓaro-ɓaro a kwali, da na juya bayanta ramukan jona waya ja da fari kawai na gani, ashe sauti biyu ne take rarrabawa sifiku biyar, har yau abin na min ciwo wallahi. Ka duba akwai ramin jona wayar sauti daga tibi mai suna HDMI ARC, ko na optical aƙalla, amma optical ba ya ɗaukar Atmos.

In tayil ne a falon ka shimfiɗa kafet, in ba haka ba amsa-kuwwa za ta dame ka. Sitabilaiza ma dole, ka san halin wutarmu.