Na'urar gano hayaƙin janareta ta dame ni da ƙara, in cire batirin?

Tambaya: Yayana ya kawo mana na'urar nan mai gano iskar kabon monoksaid daga Ingila, shekara shida ke nan. Yanzu kusan duk minti ɗaya sai ta yi "ƙit". Na sa sabon batir, ba ta daina ba. Maigida ya ce a cire batirin a huta. (Wata uwargida daga Gwammaja)

Amsa: Hajiya, ki ba Alhaji haƙuri, kada a cire. Sauke ta daga bango ki juya bayanta, za ki ga ranar da aka ƙera ta, wasu har da ranar da za ta daina aiki. Abin da ke shinshino iskar a cikinta yana tsufa. Yawanci shekara 5 zuwa 7 yake yi, wasu 10. Tunda kin canza batir ƙarar ba ta tsaya ba, taki ta kai ƙarshenta. Ba kayan kai wa mai gyaran rediyo ba ne, sabuwa za a saya.

Wannan iska ba ta da wari, ba ta da launi. Janareta a soro ko ƙarƙashin bene, kurfoti a ɗaki an rufe taga lokacin hunturu, duk suna fitar da ita. Ciwon kai da jiri da tashin zuciyar da take kawowa kuwa, mu nan sai mu ce maleriya ce, a sha magani a koma a kwanta.

In za ki Sabon Gari saye, ki duba lambar shaidar inganci EN 50291 ko UL 2034 a jikinta, ki karanta ranar ƙira kafin ciniki. Ta gwanjo, ko kyauta aka ba ki, ki bar ta. Ki rataye sabuwar kusa da ɗakin barci, ki riƙa danna maɓallin gwaji duk wata. Ƙurar hunturu na toshe ramukanta, sai a goge da busasshen tsumma. Kada a fesa mata fiya-fiya ko turare.

Ranar da ta fasa ƙara mai ƙarfi ba tsayawa, a fitar da kowa waje tukuna. Wanda ke jin jiri a wuce da shi asibiti.

Tambaya: Ina da ta hayaƙin gobara a shagona, ba ta wadatar ba? (Wani tela daga Fagge)

Amsa: A'a, Malam, aikinsu daban ne, sai dai in an rubuta a kwalin cewa duka biyun take yi. Janaretan kuma a fitar da shi fili, kamar mita 6 daga ƙofa da taga.