Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan PCOS da ƙananan RNA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce an tabbatar miki da PCOS, wato matsalar sinadaran jiki da ke hana gidan ƙwan mace sakin ƙwai a kai a kai, bayan kin daɗe al'adarki tana tsallake watanni, kuma kin karanta cewa wasu ƙananan RNA, wato 'yan guntayen saƙo da jiki ke kwafowa daga DNA, ne ke rikita gidan ƙwai, shi ne kike tambaya ko akwai gwajinsu ko maganin da zai gyara su. Ni a ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, kuma lokacin digirina na biyu irin wannan RNA na yi ta cirowa daga jinin mata.

Abin da kika karanta yana da tushe. Ɓangaren DNA ɗinmu da ake karantawa a haɗa furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Daga sauran ne jiki ke fitar da RNA iri-iri da ba sa zama furotin, wasu dogaye, wasu 'yan gajeru masu haruffa kamar 22, su ake ce wa maikro-RNA. RNA na yau da kullum ɗan aike ne mai kai saƙo inda za a haɗa furotin, shi kuwa ƙaramin tare ɗan aiken yake a hanya, ya riƙe shi ko ya sa a yaga takardar. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka bankaɗo wannan a jikin wata 'yar tsutsa a 1993, aka ba su kyautar Nobel a 2024.

Kowane ƙwai a jikin mace yana kewaye da wasu tantanai masu ciyar da shi, ana kiran su granulosa. Su ne ke juya sinadarin maza ya koma estrojin, sinadarin mata, ta hanyar wani furotin mai suna aromatas. An ga cewa wani maikro-RNA mai suna miR-378 yana rage wannan furotin a tantanan aladu. A Japan kuma, a 2013, an cire wa ɓeraye mata miR-200b da miR-429, sai sinadarin LH da ke sa a saki ƙwai ya yi ƙasa, suka kusan daina sakin ƙwai. Wanda ya fi jan hankalina shi ne miR-93. An same shi da yawa a kitsen jikin mata masu PCOS, yana danne furotin GLUT4 da ke shigar da sukari cikin tantani. Kin ga ke nan akwai alaƙa da ƙin jin insulin, wato jiki ya rage amsa wa sinadarin da ke daidaita sukari, matsalar da ke kawo baƙin nan mai kauri a bayan wuya, kuma take zuga gidan ƙwai ya ƙara fitar da sinadarin maza.

To amma yawancin wannan daga dabbobi aka gano shi, ko daga tantanai a cikin faranti, ko mata ƙalilan. Kuma auna maikro-RNA akwai wahala. RNA abu ne mai saurin lalacewa, ko gumin yatsa yana ɗauke da abin da ke narkar da shi. Muna aiki ne da safar hannu, kwalaben suna nutse a ƙanƙara, ajiyarsu sai firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili, zuciyarki kuma tana kan janareta. Idan aka ja jini da ƙarfi jajayen ƙwayoyi suka fashe, ruwan da ke tasowa a saman jinin, wanda ya kamata ya fito ruwan ɗorawa, sai ya yi jaja-jaja, ƙananan RNA na cikin jajayen su kwararo su gurɓata lissafin. Irin wannan na cikin dalilan da ke sa wani bincike ya ce abu ya ƙaru, wani ya ce ya ragu.

Saboda haka, don Allah kada ki ba kowa kuɗinki da sunan gwajin maikro-RNA na PCOS, ko wani garin magani wai yana daidaita su. Babu irin wannan gwaji a ƙa'idojin likitoci. Ko a cutar daji, maganin maikro-RNA mai suna MRX34 da aka fara gwadawa a Amurka dakatar da shi aka yi a 2016, bayan garkuwar jikin wasu majinyata ta yi mummunan bore.

Har yanzu da ƙa'idar Rotterdam ta 2003 ake gane PCOS, wato a samu biyu cikin uku: rashin sakin ƙwai a kai a kai, alamun yawan sinadarin maza kamar gashi a haɓa, da yawan ƙananan buhunan ƙwai a sikanin, bayan an duba taroyid (sinadarin maƙoƙo) da furolaktin (sinadarin samar da nono) an ga ba su ne sanadi ba. Ki sa a auna miki sukari da hawan jini. In akwai ƙiba, rage ko da kashi 5 cikin 100 na nauyinki yakan dawo da al'ada. In haihuwa kike nema, letrozol, maganin da ke sa a saki ƙwai, ne ake farawa da shi yanzu, a hannun likitan mata, wani lokaci a haɗa da metformin. Kuma kada ki bar watanni uku su wuce ba jini ba ki je asibiti ba, don bangon mahaifa yana ta kauri ne.

Abu ɗaya nake so duk 'yan'uwa su riƙe. PCOS a hankali take tafiya. Idan cikin 'yan watanni murya ta yi kauri, gashi ya ɓarke da sauri, al'ada ta ɗauke ɗif, a koma ga likita da gaggawa. Akwai wani ƙari na gidan ƙwai da ba kasafai ake samunsa ba, Sertoli-Leydig, wanda sau da yawa yake zuwa da matsala a DICER1, ƙwayar gadon da ke yanka ƙananan RNA ɗin nan su nuna. Yakan kama 'yan mata ne da matasan mata, kuma tiyata tana maganinsa idan an gano shi da wuri. Allah Ya ba ki lafiya.