Tsohon ofis a Harobanda: ya dace a mai da shi makarantar yara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun samu wani bene a Harobanda, da ofis ne na wani kamfani, muna so mu kama haya mu buɗe makarantar firamare. Mai gidan ya ce shekara da shekaru ana aiki a ciki, ruwa bai taɓa korar kowa ba. Yaya za mu tabbatar kafin mu sa hannu? Daga wata malama a Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mai yiwuwa gaskiya mai gidan ya faɗa, sai dai shaidarsa ta manya ce. Ma'aikata ashirin in sun ga hadari ya haɗo, kowa ya hau babur ya tafi. Yara ɗari biyu kuwa sai sun jira iyaye, kuma ruwan da ya tsaya wa babba a ƙauri, ɗan aji ɗaya cinya yake kai masa. Saboda haka kada ki auna makaranta da ma'aunin ofis.

Ruwa ta hanya uku yake shigo wa mutanen Yamai. Akwai kogi, wanda ke cika sau biyu a shekara: jan ruwa na Agusta da Satumba, da rassan Sirba, Dargol da Gorouol ke kwararo masa, sai kuma ruwan Gine da ke isowa cikin sanyi, wajen Janairu. Na damina shi ne mugu, don cikin 'yan kwanaki yake hawa. Idan ma'aunin tsayin ruwan kogi a Yamai ya kai santimita 620 an shiga matakin ja, wato gargaɗi mafi tsanani, a Satumban 2020 kuwa ya kai kusan 700, ruwa ya shiga unguwannin ƙetaren kogi irin su Lamorde, Karaje da Kirkisoye. Harobanda a wannan gefen take, don haka tambayarki ta farko ita ce: ina ruwa ya tsaya a wannan layin a 2012 da 2020 da 2024? Ba mai gida za ki tambaya ba. Ki tambayi mai gadi, mai shagon kusurwa da limamin unguwa, su nuna miki da hannu a jikin bango. Ki kuma je ofishin magajin gari ki ji ko filin yana cikin wuraren da aka sani da ambaliya.

Sauran hanyoyi biyun su ne ruwan sama da ke bin titi idan magudana ta toshe da leda da yashi, da ruwan ƙasa da ke tsattsafowa daga daɓe.

Ginin da kansa yana ba da labari. Ki duba gindin bango: fari-fari kamar kanwa, shafe da ya kumbura, ƙofar ƙarfe da tsatsa ta ci ƙasanta. Ni dai idan na tarar an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu kawai, sama kuma tsoho, nakan ƙara buɗe ido. A auna daɓen da titi. Sau da yawa an yi ta cika titi har gida ya koma rami. A ɗaga allon wuta da soket sama. Ramin ban ɗaki ma abin dubawa ne, domin an haƙa shi ne don mutane kaɗan, in ya haɗu da ruwan damina ya tumbatsa, zawo da kwalara ke biyo baya. Matakala ɗaya ƙunci ba ta isa a hau da yara sama cikin gaggawa ba, kuma sai injiniya ya tabbatar dakalin benen zai ɗauki nauyin aji cike.

Kada hutun damina ya ruɗe ki. Littattafai da tebura a nan suke kwana, kuma a 2024 sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya.

In da hali, ki jinkirta sa hannu har Agusta. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ki tako da ƙafa daga bakin kwalta zuwa ƙofar, ta hanyar da yaran za su bi, ki sake komowa washegari ki ga abin da bai janye ba. In mai gidan ya ƙi jira, a rubuta cikin takardar haya cewa idan ruwa ya shiga azuzuwan ƙasa kina da damar fita ba tare da tara ba.